Jirgin Da Maganaɗisun Duniya Ya Ƙi Ɗauka

Ranar 8 ga Agusta 1709, a birnin Lisbon, wani matashin limamin coci haifaffen Burazil mai suna Bartolomeu de Gusmão ya tsaya gaban Sarki João na Biyar na Fotugal da fadawansa. Ya kunna 'yar wuta a ƙarƙashin wata jakar takarda, jakar ta kumbura, ta tashi a cikin zauren kowa yana gani. Shekarunsa 23 a lokacin, kuma sai da aka yi wasu shekara 74 kafin 'yan'uwan nan Montgolfier su tashi da balan-balan ɗinsu a Faransa. Iska mai zafi ce ta ɗaga jakar. Amma zanen da ya bazu a Turai a wannan shekarar da sunan jirginsa, Passarola, wani abu ne daban: kwale-kwale mai kan tsuntsu da jela da fukafukai, a cikinsa an kafa ƙwallayen ƙarfe biyu ɗauke da dutsen maganaɗisu wai don su ja gangar jirgin sama, bisa kan matuƙin kuma ragar waya ce da aka jera wa duwatsun amba, daskararren ƙaron nan na itace da in an goga shi yake ɗaukar tsinke. Wai in rana ta gasa su za su janyo tabarmin da aka shimfiɗa a cikin jirgin.

Masu tarihi da dama suna ganin da gangan aka saki wannan zane don a ɓatar da masu satar fasaha. Ko ma dai yaya ne, ba zai tashi ba. Maganaɗisun yana jan jirgin sama, jirgin yana jan maganaɗisun ƙasa da ƙarfi daidai wa daida, kuma duka biyun a manne suke da juna. Abin da ya sa na fara da shi shi ne a takarda ɗaya ya haɗa abubuwa biyun da masu sana'ar neman tashi sama ba inji suka yi shekara ɗari uku suna jujjuyawa, wato maganaɗisu da caji. Na ce sana'a, domin kuwa tana da magabata da almajirai da takardun mallakar fasaha da masu zuba mata kuɗi, duk da cewa hajarta ba ta taɓa isa kasuwa ba.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare har na yi ritaya, da yamma kuma ina gyaran rediyo da talabijin. Tambayar takan zo mini daga yaro mai kai, wanda ya ji darasi ya wuce inda darasin ya tsaya: Malam, tun da duniya kanta maganaɗisu ce, kuma ka ce maganaɗisu yana tura abu mai caji in yana tafiya, me zai hana a cika jirgi da caji a sake shi, duniya ta riƙe shi a sama ba inji ba mai? Ban taɓa yi wa mai wannan tambaya dariya ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Wanda ya fara bayyana wa duniya yadda ƙarfin maganaɗisun duniya yake kwance mai sana'ar hannu ne. Robert Norman tsohon matuƙin jirgin ruwa ne da ya koma ƙera kamfas a Landan. Yakan daidaita allura tsaf a kan tsinkenta, amma da zarar ya goga mata dutsen maganaɗisu sai bakin da ke duban arewa ya sunkuya, sai ya manna ɗan kaki a ɗaya ɓangaren don ta miƙe. Wata rana ya yanke bakin wata allura don ya rage mata nauyi, ya wuce gona da iri, allurar ta lalace. Haushin wannan asara ya sa ya zauna ya bi diddigin abin. Ya rataye allura yadda za ta iya sunkuyawa son ranta, ya auna, ya samu tana nuna ƙasa da digiri 71 da minti 50. Ya buga wannan a 1581. Bayan shekara 19, William Gilbert, likitan da ya yi wa Sarauniya Elizabeth ta Farko aiki, ya sassaƙa ƙwallo da dutsen maganaɗisu, ya riƙa zagaya shi da 'yar allura, ya ga tana sunkuyawa yadda ta Norman take yi. A littafinsa De Magnete na 1600 ya yanke hukunci cewa duniya ɗungurungum babban maganaɗisu ce. Daga nan marubuta suka samu abin wasa. A 1726 Jonathan Swift ya ƙago tsibirin Laputa mai shawagi, wanda wani ƙaton dutsen maganaɗisu ke hawa da sauka da shi. Shi dai ba'a yake yi wa masanan zamaninsa, amma tunanin ya zauna a kawunan mutane.

Sunkuyawar allurar Norman ta shafe mu kai tsaye. A Landan tana nuna ƙasa sosai, a can kudancin duniya ɗaya bakin ne ke sunkuyawa, a tsakani kuwa akwai wani layi da ya kewaye duniya inda allurar ke kwanciya sambal. Alexander von Humboldt ya tsallaka shi a 1802 a duwatsun Peru kusa da Cajamarca. Layin bai bi Ikwaita sau da ƙafa ba. A Afirka ta Yamma ya karkata arewa, kuma ta arewacin Najeriya ya ratsa. Shi ya sa masanan Jami'ar Ibadan, musamman Farfesa Cyril Onwumechili, suka yi suna a nazarin wani kogin lantarki da ke gudana gabas da rana, kimanin kilomita 100 bisa wannan layi. In da jirgin ɗalibina zai tashi a wani wuri a duniya, to a samanmu zai tashi. Ga dalili.

A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmak ya ga allurar kamfas ta juya sa'ad da lantarki ya bi ta wayar da ke kusa da ita. Michael Faraday ya ɗora a kai, kuma shi ne ya fara gwada tatsar maganaɗisun duniya da abu mai motsi. A Janairun 1832 ya hau gadar Waterloo a Landan, ya miƙa waya mai tsawon kusan mita 300, ya jefa farantan tagulla a kogin Thames ta bakinta biyu. Tunaninsa shi ne ruwan da ke gudu yana yanka maganaɗisun duniya, don haka dole lantarki ya fito. Tunanin daidai ne, amma abin da ya fito ya yi ƙanƙanta har ma'auninsa ya kasa rarrabe shi da sauran rawar da allura ke yi. A wannan shekarar ce Carl Friedrich Gauss a Göttingen ta Jamus ya fara auna ainihin ƙarfin maganaɗisun duniya da lamba. Oliver Heaviside a 1889 da Hendrik Lorentz na Holan a 1895 suka kammala ƙa'idar: ƙarfin da maganaɗisu ke tura abu mai caji shi ne yawan cajin sau gudunsa sau ƙarfin maganaɗisun, kuma turin a kaikaice yake zuwa, ba ta inda abin ya nufa ba, ba kuma ta inda maganaɗisun ya nufa ba. A inda maganaɗisun yake kwance yana duban arewa, kamar a wajenmu, abu mai cajin fositif da ya nufi gabas sama za a tura shi. In ya juya yamma, ƙasa. A Landan kuwa yawancin turin gefe zai tafi.

To sai lissafi, kuma a allo nake son yin sa tare da yaran don su ga lambobin suna fitowa da hannunsu. Ɗauki ƙaramin jirgi mara inji, da matuƙinsa kilo 300. Nauyin nan kusan niyuton 3,000 ne. A ce yana gudun mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa. Maganaɗisun duniya yana tsakanin kashi 25 zuwa 65 cikin miliyan na tesla, a samanmu kimanin kashi 33. A tsagar lasifikar rediyo, inda koyil ke motsi, akan samu kusan tesla guda cif, ninki dubu talatin ke nan. Gudu sau maganaɗisu ya ba mu 0.001. Raba 3,000 da wannan, sai ka ga jirgin yana buƙatar kulom miliyan 3 na caji. Aradu guda takan sauke kamar kulom 15. Ke nan sai an tara aradu 200,000 a jikin jirgi ɗaya. Duk cajin da ke kwance a fuskar duniya baki ɗaya kimanin kulom 500,000 ne, jirginmu yana neman ninkinsa shida.

Nawa jirgin zai iya riƙewa? Iska ce ke yanke wannan. Duk wanda ya ja bargo cikin dare a hunturu ya ga tartsatsi yana fita, ya ga iyakar da idonsa: in matsin lantarki ya kai wajen bolt miliyan 3 a kowace mita, iska takan daina tarewa, caji ya tsere. Ko da an yi jirgin ƙwallo sumul mai faɗin mita 20, ba kusurwa ba tsini, ba zai riƙe fiye da kashi 3 cikin ɗari na kulom guda ba. Sa wannan a lissafi, turin da duniya za ta ba shi kimanin miligiram 3 ne. Bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Ninka gudun sau 30, ya kai na jiragen yaƙi mafiya sauri, har yanzu kana wajen kashi ɗaya cikin goma na giram. Jiragen fasinja ma da gangan ake dasa musu 'yan tsinkaye a bayan fukafukai don su zubar da cajin da suke kwasa a gajimare, saboda yana dagula musu rediyo.

Akan samu yaron da zai ce ai duniya na juyawa, a Ikwaita gudun ya kai mita 465 a daƙiƙa, a yi amfani da shi mana. Maganaɗisun tare da duniya yake tafiya, don haka gudun da ake lissafawa shi ne wanda jirgin ya yi a kan ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Jirgin da ke ajiye a fili ba ya jin komai. Akwai kuma matsalar da ta fi duk waɗannan, wadda ko da caji ya samu ba za ta kau ba. Tun da a kaikaice turin yake zuwa, ba ya ƙara wa jirgi gudu ko ƙanƙani. Iska kuwa kullum tana rage masa. Gudu ya ragu, turi ya ragu, jirgi ya sauko. Angulun da ke kewaya sama ba kaɗa fiffike tana hawan iskar da zafin ƙasa ke tasowa da ita ne, rana ce ke biyan kuɗin. Maganaɗisun duniya ba ya biya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ɗalibina ya nemi taimako a ƙofar da ba ita ba. Ban da maganaɗisu, akwai matsin lantarki tsakanin sama da ƙasa, kimanin bolt 100 a kowace mita ko da gari ya waye garau. Kwatanta 100 da 0.001 ɗin nan namu: ninki dubu ɗari. A kan wancan ƙwallon zai ba da turin kusan giram 300, wanda ba zai ɗaga mutum ba, amma akwai masu cin moriyarsa. A ƙarshen 1832 Charles Darwin yana cikin jirgin ruwa na Beagle, mil 60 daga gaɓar Ajantina, sai ga ƙananan gizo-gizo sun cika igiyoyin jirgin, kowanne da zarensa. A 2018 Erica Morley da Daniel Robert na Jami'ar Bristol suka sa gizo-gizo a akwatin da iska ba ta motsi. In aka kunna matsin lantarki sai su ɗaga ciki su saki zare su tashi, in aka kashe su sauko. Jirgi mai caji mara inji yana nan ashe, sai dai nauyinsa miligiram ne, kuma ba maganaɗisu ke ɗaukarsa ba.

Babban gwanin sana'ar a ƙarni na ashirin shi ne Thomas Townsend Brown, wanda aka haifa a 1905 a Zanesville ta jihar Ohio a Amurka. Tun yana saurayi ya lura cewa in ya ɗura wa kwalbar hoton ƙashi lantarki mai ƙarfi takan ɗan motsa. Ya yanke cewa ya gano igiyar da ta haɗa lantarki da ƙarfin da ke jan komai ƙasa. A 1928 ya samu takardar mallakar fasaha a Ingila, a 1929 ya rubuta maƙala a mujallar Science and Invention yana cewa yana sarrafa wannan ƙarfi. Ya jingina binciken ga Paul Biefeld, malami a Jami'ar Denison, har yau kuma da sunan su biyun ake kiran abin. A farkon shekarun 1950 yana nuna wa sojoji da 'yan jarida fayafayen ƙarfe da aka ɗaure a jikin sanda suna kewayawa da kansu. Ya je Faransa ya yi gwaje-gwaje da wani kamfanin jirage, a 1956 kuma yana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar binciken baƙin abubuwa masu shawagi a sama. Ya rasu a 1985 bai janye maganarsa ba.

Ban ɗauke shi maƙaryaci ba. Fayafayensa suna motsi da gaske, fassararsa ce ta kauce. Siririyar waya mai dubban bolt takan caja iskar da ke kewaye da ita, cajajjun ƙwayoyin su ruga zuwa ɗaya ƙarfen, a hanya su yi ta bangaje sauran iska, sai guguwa 'yar ƙarama ta tashi. Wani Bature ɗan Ingila, Francis Hauksbee, ya riga ya rubuta cewa ya ji wannan busawar a jikin cajajjen bututun gilashi, a 1709, shekarar Passarola. Alexander de Seversky, tsohon matuƙin yaƙi ɗan Rasha da ya koma Amurka, ya gina irin na'urar, ya samu takardar mallakarta a 1964, bai kuma ɓoye cewa iska take turawa ba. Hanyar raba gardama a fili take: a sa na'urar a tulun da aka zuƙe wa iska. Wajen 1990 wani injiniya, R. L. Talley, ya yi wa rundunar sojin saman Amurka wannan gwaji, bai ga turin da ake faɗa ba. A 2004 Martin Tajmar ɗan Ostiriya ya buga nasa binciken, ya ce iskar caji ce kawai.

A farkon shekarun 2000 abin ya sake tashe, ana ta yaɗa yadda ake haɗa shi a intanet, ni ma na haɗa nawa a shago. Alwatika ce ta siraran tsinkaye, an zagaya mata siket na takardar alminiyam, an ja siririyar wayar koyil a sama da ita da ɗan tazara. Wutar kuwa daga fulaibak ɗin tsohuwar talabijin mai tulu na samo ta, wanda ke ba da bolt dubu ashirin da wani abu. (Wanda bai san aikin ba kada ya taɓa, wannan wuta ba ta wasa.) Da aka kunna sai ta yi tsiii, ta yi rawa, ta miƙe ta tsaya a iyakar zaren da na ɗaure ta da shi. A hunturu tana tashi lafiya, da damina sai tartsatsi. Takardar da na ajiye a ƙarƙashinta ta riƙa kaɗawa. Na juya teburin gabas, na juya shi yamma, ko a jikinta. Da maganaɗisun duniya na da hannu a ciki, da ta nuna. Sannan duk nauyinta 'yan giram ne, fulaibak da sauran kayan wuta suna kan tebur. Wannan ita ce matsalar da ta hana de Seversky ci gaba, kuma sai a 2018 aka ɗan shawo kanta, sa'ad da Steven Barrett da abokan aikinsa a MIT suka tashi jirgi mai faɗin fiffike mita 5 da nauyin kilo 2.45, ɗauke da batirinsa, yana aiki da bolt 40,000. Ya yi kimanin mita 60 a cikin zauren wasanni. Babu abin da ke juyawa a jikinsa, amma inji gare shi, batir ne mansa, kuma fukafukai ne suka riƙe shi a iska.

Wuri ɗaya ne lissafin Lorentz ya fara yin kauri, can inda iska ta ƙare, gudu kuma ya kai kilomita 7.7 a daƙiƙa. A shekarun 1970 Italiyawa biyu, Mario Grossi da Giuseppe Colombo, suka kawo shawarar a saki doguwar waya daga kumbo, gadar Faraday ke nan a sararin samaniya. A 1992 aka gwada daga kumbon Atlantis, wayar ta maƙale a mita 256. A Fabrairun 1996 aka sake daga kumbon Columbia, da tauraron ɗan'adam ƙirar Italiya mai nauyin fiye da kilo 500 a bakin wayar. Ta warware har kilomita 19.7, ta tara bolt 3,500, lantarkin da ke bin ta ya kai wajen amfiya guda, sai tartsatsi ya ƙone ta ta wani wuri da rufinta ya huje, ta tsinke. Ko a wannan tsawo, turin da maganaɗisun duniya ya yi wa wayar bai wuce nauyin giram 60 ba. Kuma baya yake ja, domin wutar da wayar ke samarwa daga gudun kumbon ake cire ta. In ana so ta tura gaba sai an ɗura mata lantarki daga farantan hasken rana, an koma ga inji ke nan.

Ƙananan taurarin ɗan'adam da yawa suna ɗauke da sandunan koyil da suke kunnawa su dogara da maganaɗisun duniya su juya fuska inda ake so, wannan aiki ne da ya kankama tuntuni. Doguwar waya kuwa, aikin da aka fi nema mata yanzu shi ne burki, a manna ta wa mataccen tauraro ta rage masa gudu har ya faɗo ya ƙone. Hukumar sararin samaniya ta Japan ta nemi wanda zai saƙa mata irin wannan waya, ta je wurin Nitto Seimo, kamfanin da sana'arsa saƙa komar kamun kifi. Suka yi mata mai tsawon mita 700, aka ɗora ta a kumbon kaya na Kounotori 6. A farkon 2017 aka ba da umarnin a sake ta, ta ƙi fita, injiniyoyi suka yi ta fama kusan mako guda, a watan Fabrairu kumbon ya shigo iska ya ƙone da wayar a naɗe.